Emma: sunan mata ne ko guntun Emmanuel?

Baban Hanifa: Jama'a ku raba mu gardama. Wani abokin aikina Bajamushe ya samu ƙaruwar 'ya mace, ya raɗa mata Emma. Na ce masa ai sunan maza ne, Emmanuel aka gutsure, sai ya kwashe da dariya. Ni dai duk Emma ɗin da na sani a Jos da Sabon Gari namiji ne, wasunsu har da gemu.

Maman Joy: Kai ke da gaskiya. Ƙanen maigidana Emma ne. Sunan Ibrananci ne, Immanu'el, wato "Allah yana tare da mu", yana cikin littafin Ishaya 7:14. Turawa ne suka rage masa tsawo suka ba mata, kamar yadda ake da Emmanuella.

Malam Sani: Maman Joy, fassararki ta Emmanuel daidai take, amma Emma ta Jamusawa ba daga can ta fito ba. Tushenta tsohuwar kalma ce ta ƙabilun Jamusawa, ermen ko irmin, mai nufin gaba ɗaya, ko abu mai girma da ya game ko'ina. A da sukan haɗa kalma biyu su yi suna, irin su Ermengard da Ermentrud. Da baki ya gaji da tsawon sai aka riƙe kan sunan kawai, yadda muka mai da Abdullahi Audu.

Baban Hanifa: Malam, to ina "r" ɗin ta shiga? Ermen daban, Emma daban.

Malam Sani: Harafin "m" da ke gabanta ne ya haɗiye ta. Ba ka taɓa jin Basakkwace ya ce "rigam Musa" ba?

Maman Joy: Wannan ai kame-kame ne, Malam. Kowa zai iya tsinto tsohuwar kalma ya ce ga tushe. Ina shaida?

Anti Ladi: Bari in sa baki, don na koyar da tarihin Turai. A shekarar 1002 Emma, 'yar gidan sarautar Normandi da ke arewacin Faransa, ta auri Sarki Ethelred na Ingila. Sunanta baƙo ne a wurin mutanen ƙasar, har sai da suka canja mata da nasu, Elfgifu. Bayan mutuwar mijin ta auri Sarki Kanut a 1017, kuma 'ya'yanta biyu sun hau gadon sarautar Ingila, Hardakanut da Edward. Ta rasu a 1052. A wancan zamanin Emmanuel ba sunan da ake raɗa wa yara ba ne a Ingila, to me za a gutsure? Kafin ita ma akwai Emma matar Sarki Ludwig na Jamus, wadda ta rasu a 876.

Malam Sani: Ita kalmar irmin ma ta girmi zuwan Kiristanci wurin Saksonawa, wata ƙabilar Jamusawa. Suna da wani ginshiƙi da suke girmamawa a addininsu na gargajiya, Irminsul, babban ginshiƙi ke nan. Sharlaman, wani babban sarkin Turai na wancan zamanin, shi ne ya rushe shi a 772.

Baban Hanifa: Wato kuna cewa Emma ɗinmu na Jos sunan bogi yake amsawa?

Anti Ladi: Wa ya ce? Nasa Emmanuel ne tabbas. Sunaye biyu ne suka yi kiciɓis a baki. Ga Malam nan, Saninsa na Larabci ne, na biyu, ba sanin ilimi ba, ko da yake ya haɗa duka.

Malam Sani: Anti, kin fasa min kai. Sai dai inda nake ja da masu fassara sunaye shi ne cewarsu Emma na nufin "cikakkiyar mace". Rabin suna ne, ɗaya rabin ya faɗi a hanya, babu wata "mace" a cikinsa.

Maman Joy: Na ji tarihin. Amma a Amurka sunan ne kan gaba a na 'yan mata daga 2014 zuwa 2018. Ku rantse min duk iyayen nan irmin suke tunawa.

Anti Ladi: Su ma ba Ishaya suke tunawa ba, daɗinsa suka ji a kunne.

Baban Hanifa: Ni dai gobe zan kai wa jaririya turmin atamfa, ba zan sake tayar da maganar ba.

Maman Joy: Ka gaishe min da takwarar ƙanen maigidana.