Shaihu Umar ko Ruwan Bagaja? Gardamar daren Juma'a a zauren masu karatu na Katsina

Ɗan Rafindadi: Salamu alaikum iyaye da yayye. Zan faɗi wata magana, wanda ta ɓata ma rai ya yi haƙuri. Cikin littattafan gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, Shaihu Umar ya fi Ruwan Bagaja nesa ba kusa ba. Mu Katsinawa muna kuranta Ruwan Bagaja ne don kawai Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta garin nan lokacin da ya rubuta shi. Son kai ne.

Baba Hedimasta: Wa alaikumus salam. Yaro, ka ci tuwon dare kau? In don son kai ne, ai shi ma Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar ɗan Kwalejin Katsina ne, ga gininta nan a unguwarku an mai da shi gidan tarihi. Bello Kagara mai Ganɗoki kuma wan Imam ne, nan ya yi Wali. Kowanne ka ɗauko namu ne. Kawo wata hujjar.

Ɗan Rafindadi: Allah ya ƙara girma Baba, ga ta. Ruwan Bagaja mene ne in ba Alhaji Imam ya damfari Malam Zurƙe a wannan gari, Zurƙe ya rama a gari na gaba, har littafi ya ƙare ba? A yi dariya a tashi. Shi ko Shaihu Umar zancen bauta ne. An sace yaro, kura ta cinye ɓarawonsa, ya faɗa hannun Balarabe ya ƙetare hamada. Uwarsa ta bar komai ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka sayar, har Tarabulus. Ta gan shi ke nan ba ta daɗe ba ta cika. Tun 1934 aka buga shi, lokacin akwai tsofaffin da suka ga kasuwar bayi da idonsu. Wa ya taɓa kuka a kan Ruwan Bagaja?

Malama ta Ƙofar Marusa: Zancen uwar nan kam ka faɗi gaskiya ƙanena. In na zo wurin a aji, 'yan matan da suka fi kowa surutu ma tsit suke yi. Kuma a Ruwan Bagaja ban ga macen da aka ba irin wannan zuciya ba. Amma kada ka yi saurin murna, ina da ƙorafi. Shi Umar ɗin me ya yi da hannunsa a littafin? A ɗauke shi, a aje shi, a kai shi makaranta, guguwar rairayi ta binne ayari shi ya tsira. Komai same shi yake yi. Wanda ya fi damuna kuma Abdulkarim ne, Balaraben nan da Umar ya faɗa hannunsa. Mutumin nan fa bayi yake saye ya kora su cikin hamada, amma haka aka nuna mana shi, dattijon kirki mai riƙon amana, don ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa ya ba shi ilimi. Sauran bayin da ke ayarin fa, ba 'ya'yan wasu ba ne? In littafin tir da bauta ne kamar yadda kake nufi, ina tir ɗin?

Na Daura: Anti ta kawo magana.

Malamin Yarinci: Bari in sa baki kan wancan da ake rainawa. Wanda ya karanta Muƙamatul Hariri a zaure ya san inda Imam ya samo ƙirarsa: mai ba da labari yana yawo gari gari, ko'ina ya je sai ya ci karo da hatsabibin nan Abu Zaidi cikin sabuwar shiga. Malaman Basra da Bagadaza ba su ɗauki wannan wasan yara ba, da shi ake gwada zurfin Larabcin mutum.

Ɗan Rafindadi: Allah gafarta Malam, ai ka taimake ni. Aro ne ke nan, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Malamin Yarinci: Wannan ya rufe har idon sawu. Ka tuna inda Alhaji Imam ya yi ƙaryar malanta, Zurƙe ya zo zai tona mashi asiri? Alhaji ya ja 'yar lanƙwasa a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe mai ilimin gaske ya yi ta kawo sunayen baƙaƙe, Alhaji ya ce ina, jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba suka ga lalle haka wata ke tsayawa, suka yi ma malamin gaskiya ature. To ɗana, shiga Facebook yau da dare ka ga ko ba a kan wannan lanƙwasa ake ta fama ba. Ɗan shekara 22 ya gano mu tun ba a haife mu ba, kai kuma ka ce dariya ce kawai.

Auta: Ni dai ina bayan Yaya. Akwai faifan Pink Floyd na 1973, The Dark Side of the Moon, wanda ba a tsinkar waƙa ɗaya a ciki, daga farko ake sa shi har ƙarshe. Haka Shaihu Umar yake. Ruwan Bagaja ko za ka iya cire babi biyu a tsakiya ba wanda zai lura.

Na Daura: Auta, mu da Shata ke kwance a garinmu tun 1999 za a kawo ma kiɗan Ingila? Amma don kada a ce ban yi adalci ba, Shaihu Umar ne Adamu Halilu ya mai da fim a 1976, aka gyara shi aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Tun 1967 kuma Mervyn Hiskett ya fassara shi da Turanci.

Baba Hedimasta: Turawa sun fi son labarinmu in akwai sarƙa a ƙafa, balle kuma marubucin Firayim Minista ne. Hausar Imam ce ba ta fassaruwa, shi ya sa ba su ɗauka ba. Rupert East da ya shirya gasar, wa ya ɗauko daga Katsina ya kai Zariya don Magana Jari Ce? Wa aka ba Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939? Kuma ni da na ga Sholay a silima ina gaya maku, ba wanda ya fito yana zancen darasin fim, sunan Gabbar kowa ke kira a hanya. Je kasuwa gobe ka ce Zurƙe ɗan Muhamman ka ga tsofaffi nawa za su washe baki. Sannan ka tambaye su sunan mijin uwar Umar.

Ɗan Rafindadi: Makau.

Baba Hedimasta: Littafin na gabanka, ja'iri.

Ɗan Rafindadi: Wallahi Baba da ka na faɗa. Kuma in yawan masu tunawa ne ma'auni, to Gizo ya fi su duka.

Malama ta Ƙofar Marusa: Ku bar Gizo ya huta. Ƙanena, ka amsa ma Baba, ka amsa ma Malam, ni ka tsallake ni. Abdulkarim mutumin kirki ne ko a'a? Ina nan ban kwanta ba.