Pizzata tana fita da ɗanyen tsakiya, gefe kuma kamar ƙuli-ƙuli

Sabuwar Amarya:

Assalamu alaikum. Don Allah masu hannu a harkar fulawa ku taimaka min. Sau uku ke nan ina gwada pizza, kuma duk abu ɗaya: gefen ya bushe ƙamas, tsakiya ta jiƙe sharkaf, ƙasan kuma fari fat. Fulawa kofi 4 nake sawa, yis babban cokali 1, ruwan ɗumi, in bar shi minti 40, in murza da kwalba, in zuba markaɗaɗɗen tumatir da nama da albasa, in sa a obin na gas a kan 180 har rabin awa. Cukun ma ba ya jan zare, sai dai ya tsatso mai. Ina matsalar take?

Mai Gidan Burodi:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wutarki ce ta yi kaɗan. Digiri 180 wutar kek ce. A birnin Napoli na Italiya, inda pizza ta samo asali, murhun itacen da suke gashi da shi yana haura digiri 430, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 an fitar. Obin na gida yawanci iyakarsa 250, to ki kai shi ƙarshe. Idan wuta ta yi sanyi, gefen da ba komai a kansa shi ke fara bushewa, alhali tsakiyar da miya ta danne ba ta ko soma nuna ba. Ƙara lokaci ba ya gyara wannan, ƙara taurin gefen kawai yake yi.

Ki samo faranti na ƙarfe mai kauri, ki kifa shi a cikin obin, ki kunna wuta ki bar su su yi zafi tare na minti 30 zuwa 40. A kan wannan farantin mai zafi za ki zame pizzar, ba a kan mai sanyi ba. Ki shimfiɗa ta a kan takardar gashi ko katako da kika barbaɗa wa ɗan garin masara mai gurzam-gurzam, don ta zame ba ta liƙe ba. Minti 7 zuwa 10 ta isa. Kada ki riƙa buɗe ƙofa kina leƙe, duk buɗewa zafi ne ke gudu.

Ga awon kwaɓi, kuma sikeli ya fi kofi gaskiya: fulawa giram 500, ruwa mil 320, gishiri giram 10, yis ƙaramin cokali 1, mai babban cokali 1, sukari ƙaramin cokali 1. Ki murza da hannu minti 10. Ki gutsuri kaɗan ki miƙe shi tsakanin yatsunki. In ya yi siriri har haske na ratsa shi bai yage ba, ya murzu. Ki rufe sai ya ninka, ki raba uku, ki dunƙule kowanne sumul, ki sake ba su hutun kamar awa ɗaya. Kowane dunƙule zai ba ki pizza mai faɗin santimita 28 zuwa 30.

Kwalbar nan kuma ki ajiye ta. Tana matse iskar da yis ya sha wahalar tarawa. Da yatsu ake dannawa daga tsakiya zuwa waje, a bar gefe kamar faɗin yatsa ba a taɓa shi ba. In kina ja yana komawa, ba gardama yake miki ba, hutu yake so. Rufe shi minti 15 ki dawo.

Hajiya Mai Girki:

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, amma ko da wutar ta kai, ɗanyen markaɗen nan zai jiƙa miki tsakiya. Tumatir fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne. Ki markaɗa guda 6 da tattasai 1 da tafarnuwa, ki zuba a ɗan mai, ki sa gishiri, ki bar shi a wuta kaɗan ba murfi har sai kin ja cokali a ƙasan tukunya hanyar ta tsaya ba ta rufe ba. Ki bari ya huce sarai. Babban cokali 3 ya ishi pizza ɗaya, ki shafa da bayan cokali har kina hango farin kwaɓin ta wasu wurare. Kina shafawa ki sa a wuta, kada ki bar ta zaune tana shan ruwa.

Nama a dafe ko a soye yake hawa, don minti 8 ba zai nunar da ɗanye ba. Albasa da koren tattasai a yanka su siriri, a ɗan razana su a kasko su zubar da ruwansu. Kuma ƙanwata, a rage hannu. Mun saba da cika miya da kaya, amma pizza ba ta ɗaukar lodi.

Maganar cuku: mozzarella ce mai jan zare. Ki nemi mai tauri wadda ake gogawa a abin goga kuɓewa, giram 80 zuwa 100 ga kowace pizza, ki goga ta tana da sanyi. Mai laushin da ke zuwa cikin ruwa sai an yanka an tsane ta tukuna. Mai tsatso mai ɗin nan ko dai cheddar ce, wani nau'in cuku daban, ko kuwa rabin awan da ta yi a wuta ne ya raba ta da man da ke cikinta. Busasshen cukun Nijar da warar Fulani ba sa narkewa ko an kwana ana gasa su, sai dai a soya wara a yayyanka a sa kamar nama. In tsire za ki ɗora, bari sai saura minti 2, in ba haka ba ƙulin ya ƙone ya yi ɗaci.

Ɗan Tanderu:

Ni inda zan ɗan ja da Malam shi ne lokacin tashi, domin yanayinmu ba na Italiya ba ne. A bazara ruwan ɗumi ba shi da amfani, ruwan randa za ki sa, in ba haka ba kwaɓin ya wuce tashi, ya sake, ya yi tsami kamar ƙullun waina da ya kwana. Babban cokalin yis ɗinki ma ninki uku ne na abin da ake buƙata. Da hunturu kuwa tashin yana jinkiri, iska kuma tana busar da samansa ya yi ɓawo, don haka a shafa mai a rufe da leda, tsumma kaɗai bai isa ba. Mai tsayayyar wutar lantarki ya sa shi a firji awa 24, a fito da shi awa 2 kafin gashi. Ɗanɗanon ba a haɗa shi da na minti 40.

Wanda ba shi da obin, kasko mai kauri da murfi ya wadatar. A ɗora kwaɓin shi kaɗai a matsakaiciyar wuta minti 2 zuwa 3, a juya, a shafa miya da cuku a gefen da ya gasu, a rufe, a rage wuta na minti 5 ko 6. A goge gumin murfin sau ɗaya, kada ya ɗiga a kai. In a gawayi ne, a ɗora 'yan garwashi a kan murfin ƙarfe, saman ma sai ya yi ja. Tukunyar yashi a bar wa kek, gashinta a hankali ne.

Sabuwar Amarya:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Tambaya ɗaya ta rage: na ga wani lokaci ƙasan yana fita da ɗan ƙarfi, amma kafin a ci ya yi laushi. Me ke jawo hakan?

Hajiya Mai Girki:

Tururi ne. Kina ɗora ta a faranti da zafinta, gumin ba shi da hanyar fita sai ya koma cikinta. Ki ajiye ta a kan ragar ƙarfe minti 2, iska na shiga ta ƙasa, sannan ki mayar kan katako ki yanka. Kada ki rufe ta a kula.