Wane wasan Grateful Dead ya kamata sabon mai sauraro ya fara da shi?

Sabon Mai Sauraro:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina sauraron faya-fayan da ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka ta ɗauka a situdiyo, amma duk masoyinta da na tattauna da shi sai ya ce mini ainihin kiɗan nasu yana cikin wasannin da suka yi a gaban jama'a. Da na leƙa rumbun Internet Archive, yawan abin da na tarar ya ɗaure mini kai, domin daga 1965 zuwa rasuwar jagoransu mai kaɗa jita, Jerry Garcia, a 1995 sun yi wasanni sama da 2,300, kuma an naɗi mafi yawansu. Wane dare kuke ganin ya dace in fara da shi? Sannan nakan ga wasa ɗaya da naɗi iri biyu, wanda aka ɗauko daga teburin haɗa sauti da wanda aka ɗauka a cikin 'yan kallo. Wanne ya fi?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da wasan da suka yi a Jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu, 1977. Betty Cantor-Jackson, mai ɗaukar sautin ƙungiyar, ce ta naɗe shi daga tebur, kuma aikinta ya fita tsaf, ta yadda kowane abin kiɗa yana da gurbinsa a kunne. Kafin a shiga kashi na biyu za ka ji makaɗan suna roƙon jama'a su ja da baya saboda ana matse na gaba, daga nan sai jitar bes ta Phil Lesh ta buɗe waƙar Scarlet Begonias, a yi ta tafiya har a zarce cikin Fire on the Mountain ba tare da an tsaya ba. Sau da yawa ba ka ankara da inda waƙa ɗaya ta ƙare ɗayar ta soma ba. A 2012 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya wannan naɗi cikin sautukan da ƙasar ke adanawa, ita kuma ƙungiyar ta fitar da shi a hukumance a 2017.

Mai Tara Kaset:

Malam, ban musa ingancin Cornell ba, sai dai ina ganin daren ya yi santsi da yawa ga wanda yake son sanin abin da ya sa mutane suka bi waɗannan makaɗa gari-gari. Ni zan tura ɗan'uwanmu zuwa Veneta, jihar Oregon, ranar 27 ga Agusta, 1972. A fili suka yi wasan cikin tsananin zafin rana, har wayoyin jita suna saki, ana ta sanarwa game da ruwan sha tsakanin waƙoƙi, kuma duk wannan yana cikin naɗin. A wannan shekara makaɗin ganga ɗaya ne gare su, Bill Kreutzmann, domin ɗayan makaɗin gangar, Mickey Hart, ya fita tun 1971, shi ya sa kiɗan ke juyawa da sauƙi duk inda Garcia ya karkata. Waƙar Dark Star ta wannan rana ta haura minti 30, kuma a tsakiyarta karin waƙar yana wargajewa gaba ɗaya, kowa ya kama tasa hanya yana kasa kunne ga 'yan'uwansa, sannan a hankali su sake haɗuwa. Wannan haɗuwar ita ce take mayar da ni ga kaset ɗin a kowane lokaci.

Game da tambaya ta biyu kuwa, kada ka raina naɗin cikin 'yan kallo. Na tebur yana ba ka abin da ya bi ta waya, na 'yan kallo kuma yana ba ka abin da ya cika ɗakin, da amon bango da shewar jama'a a daidai inda kiɗan ya kai maƙura. Wannan ya fi fitowa fili a wasannin 1974, lokacin da suka jera ɗaruruwan lasifikoki a bayansu, tsarin da ake kira Wall of Sound, wanda ƙarfinsa ba ya bayyana sosai a naɗin tebur. Masoya ne suka riƙa shiga da rakoda da makirufo suna wannan aiki, har a 1984 ƙungiyar ta ware musu wuri a bayan teburin sauti, bisa sharaɗin a yi musayar kaset amma kada a sayar.

'Yar Baya:

Yayyena sun faɗi abin da ya kamata, ƙari ɗaya kawai zan yi. Faifan Europe '72, na rangadin da suka yi a Turai a 1972, yana da daɗi ƙwarai, amma ka sani cewa an sake rera wasu muryoyin a situdiyo bayan sun dawo gida. In kana son rangadin yadda yake, a 2011 an fitar da dukkan wasanninsa 22 a cike. Haka kuma a Internet Archive, tun bayan taƙaddamar da aka yi a 2005 kan saukar da naɗe-naɗen ƙungiyar, naɗin tebur sauraro kawai ake yi, na 'yan kallo ne ake iya saukewa.

Sabon Mai Sauraro:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da Cornell, in bi da Veneta, sannan in zaɓi dare ɗaya na 1974 in saurari naɗinsa biyu a jere. Mai Tara Kaset, wane dare na wannan shekarar kake ganin naɗin 'yan kallonsa ya fi fita?