Sensa ce ke ƙarya da tsakar dare, ko sukari ne ke faɗuwa da gaske?

Malam Hamadu, Garwa
Assalamu alaikum jama'a. Ga magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Da yawa daga cikin faɗuwar sukarin da sensa, wato na'urar auna sukari da masu ciwon sukari ke mannawa a hannu, ke nunawa tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 4 na dare ba gaskiya ba ce, mutum ne ya kwanta a kan hannun da take manne. Ita wannan aba ba jini take aunawa ba. Wani siririn zare ne, tsawonsa kamar milimita 5, yake zaune ƙarƙashin fata yana auna sukarin ruwan jikin da ke wurin. In nauyin mutum ya danne wurin, jini ya rage zuwa, sukarin da ke kewaye da zaren ya ragu ba a kawo sabo ba, sai lamba ta rufto daga 110 zuwa 55 alhali jinin mutum lafiya lau. Ƙararrawa ta ta da gida duka. Ra'ayina, mai sensa samfurin FreeStyle Libre 2 ya kashe ƙararrawar ƙasa, wato mai kuka in sukari ya faɗi, in zai kwanta, ya kunna ta da asuba.

Hajiya Asta, malamar asibiti, Marwa
Wa alaikumus salam. Malam Hamadu, bayanin dannewa daidai ne, amma shawarar kashe ƙararrawa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Tambayar farko ita ce wane magani mutum ke kai. A nan arewacin Kamaru akasarin masu allurar insulin suna kan Mixtard 30 ko Insulatard. Ɓangaren da ke jinkirin aiki a cikinsu ƙarfinsa kan kai maƙura kamar awa 4 zuwa 8 bayan allura. Wanda ya yi ta ƙarfe 7 ko 8 na dare, ya ci tuwo ɗan kaɗan saboda zafi, lissafa ka gani: daidai tsakar dare zuwa ƙarfe 4 ke nan. Ashe lokacin da kake cewa sensa na ƙarya shi ne kuma lokacin da sukari ya fi faɗuwa da gaske. Haka mai shan ƙwayar maganin sukari ta Daonil, musamman tsoho ko mai raunin ƙoda, nasa ma in ya faɗi daɗewa yake yi yana maimaitawa.

Kawu Buba, mai famasi, Ngaundare
Ai zanen hawa da saukar sukari da sensa ke nunawa a waya yana raba gardamar. Na dannewa layi kan tsaya lafiya, sai ya faɗi tsaye cikin minti 10 ko 15, in mutum ya juya kuma ya haye ya koma inda yake ba tare da an ci komai ba. Na gaske a hankali yake gangarowa, awa ɗaya ko biyu yana zamewa, 120, 100, 85, 70, kuma ba ya tashi da sauri sai an ba shi sukari. Duk wanda ya saba kallon zanen zai gane su.

Hajiya Asta
Kawu, da safe kan tabarma da shayi a hannu kowa zai gane su. Ƙarfe 3 na dare rabin zanen kawai ke gabanka, hawan bai zo ba tukuna. Kuma akwai faɗuwar gaske mai sauri, misali wanda ya yi allura mai saurin aiki dab da kwanciya don ya gyara sukarin da ya hau.

Malam Hamadu
To Hajiya, ki dubi ɓarnar ɗaya gefen ma. Ƙararrawa ta yi kuka a banza, mutum ya tashi a firgice ya jefa ƙwayar sukari 4 ko 5 a baki, ya ƙara da dabino. Sukarinsa da ke 110 ya wayi gari a 220. Ya kai zanen asibiti, likita ya ga jajayen layuka kowane dare, ya rage allurar yamma. Bayan wata uku HbA1c, wato awon jini mai nuna matsakaicin sukarin watannin, ya hau, ba a san dalili ba. Na biyu, wanda aka tayar sau uku a dare kan ƙarya, rana ta huɗu cire sensar zai yi gaba ɗaya, ko ya ajiye wayar a wani ɗaki. Wannan ai ya fi kashe ƙararrawa muni.

Likita Mariyama, Injamena
Abin da Malam Hamadu ya faɗa yanzu gaskiya ne, ana rage allura bisa kuskure saboda irin wannan. Sai dai matsalar da ya kawo maganinta huda yatsa ne, ba kashe ƙararrawa ba. Ga yadda ya kamata a yi in ta yi kuka da dare.

Mutum ya fara tashi zaune ya sauke nauyinsa daga hannun. In akwai gumi mai sanyi, makyarkyata, bugun zuciya, ko magana na harɗewa, kada a tsaya aune-aune, a ba shi giram 15 na sukari: ƙwaya 3 na sukarin kwali, ko cokali babba ɗaya a narke a ruwa, ko lemon kwalba mai zaƙi kamar mililita 150. In babu alama ko ɗaya, ya wanke hannu ya busar, ya huda yatsa. Ƙasa da 70, wato 0,70 a takardar lab, a sha sukarin nan, a jira minti 15, a sake hudawa. Da yatsa za a sake aunawa, ba da sensa ba, don ita tana bayan jini da minti 5 zuwa 15, za ta ci gaba da nuna ƙasa bayan jini ya riga ya tashi, mutum ya yi ta ƙarin sukari ba dalili. In yatsa ya nuna 100 ko sama, sensa na cewa 55, a juya kwanciya, a duba ta bayan minti 15 ko 20. Tsakanin 70 da 90 ga mai allura, kibiyar da ke nuna inda sukari ya dosa a waya na kallon ƙasa kuma asuba da nisa, ya ɗan ci wani abu kafin ya koma.

Abin da ya sa ba zan lamunci kashe ƙararrawa ba shi ne wanda ya daɗe da ciwon, ko wanda sukarinsa ya sha faɗuwa, jikinsa kan daina ba shi gargaɗi. Barci kansa yana rage ƙarfin wannan gargaɗin. Irin wannan mutum zai iya kaiwa 45 bai farka ba. In an same shi ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefe, a yi masa allurar glucagon mai ɗaga sukari in akwai, in babu a garzaya asibiti a sa masa ruwan sukari ta jijiya.

Salihu, Kusiri
Ranki ya daɗe, ita mitar yatsan fa? Ita ma ai ana cewa tana kuskure. In biyun sun saɓa wa za a bi?

Yaya Umaru, ma'aikacin lab, Garwa
Salihu, yatsa ake bi, amma da sharaɗi. Ƙa'idar ingancin mita ta duniya, ISO 15197 ta 2013, ta yarda mita ta kauce da 15 sama ko ƙasa in sukari bai kai 100 ba, da kashi 15 cikin ɗari in ya kai ko ya wuce. Saboda haka sensa 68, yatsa 80, ba saɓani ba ne, duka biyun suna cikin iyakarsu. Saɓani shi ne 55 da 115.

Abubuwan da ke ɓata awon yatsa a wajenmu sanannu ne. Yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro ba a wanke ba zai ba da lamba sama. Wanda aka wanke ba a busar ba zai ba da ƙasa, don ruwa ya tsinka jinin. Kwalbar tsinken gwaji da aka bari a buɗe, ko ta kwana a mota, ko a ɗakin kwano a watan Afrilu lokacin da Garwa ke wuce digiri 40, ba abin dogaro ba ce. Akasari an rubuta a jikinsu kada su wuce digiri 30. Mai ƙarancin jini sosai kuma, wasu mitoci kan nuna masa sama da gaskiya. A duba ranar lalacewa, a rufe kwalba da zarar an ɗauki tsinke.

Wani abu kuma, na'urar da aka kawo daga Ingila da wani ma'auni daban, mmol, take magana. In ka ga 3,9 shi ne 70, 3,0 shi ne 54. A ninka da 18.

Kawu Buba
Tunda Umaru ya taɓo zafi, sensar kanta a kwali ana so ta zauna tsakanin digiri 4 da 25. Wadda ta yi kwanaki a cikin kaya a bayan babbar mota, ko a kanti ba sanyi, ba wanda zai lamunce maka ita ko da kwananta bai ƙare ba. Ana iya ajiye ta a firji, ban da wajen ƙanƙara. In sensa na nuna ƙasa dare da rana, a kwance da a tsaye, tazararta da yatsa 30 ko 40 kullum, wannan ba dannewa ba ce, lalatacciya ce ko zaren ya lanƙwashe wajen mannawa. Libre ba a saita ta da awon yatsa, sai canji. Sensar wani kamfanin, Dexcom G6 da G7, suna karɓar saiti, amma kada a yi shi cikin dare ana tsakiyar dannewa, don in an juya sai ta koma nuna sama.

Goggo Dudu, Marwa
Kun yi ta maganar bayan ƙararrawa ta yi kuka, ba wanda ya ce yadda za a rage kukan. Mutanenmu a gefen dama suke kwanciya saboda sunna, to a manna a hagu. A bayan dantse, inda tsoka ke da taushi in an saki hannu, ba a gefen waje kan ƙashi ba, kuma ba can kusa da kafaɗa ba. Siririn mutum ya fi samun matsalar don ba kitsen da zai tare. Lokacin zafi da ake fita tsakar gida a kwanta a tabarma kan siminti abin ya fi yawa, katifa ko da siririya ce tana ragewa. Matashi a bayan mutum kan hana shi birkicewa kan hannun. Masu ɗaure ta da bandeji tamau don kada gumi ya ɓanɓare ta, su ma dannewa suke jawowa, filasta mai faɗi a kewaye ta isa.

Sannan a manna sabuwa da safe. Awa 24 na farko sun fi kowane lokaci rashin tabbas, don wurin da allurar mannawa ta huda bai lafa ba. In an sa ta bayan isha, daren farko zai faɗo cikin mafi munin awanninta.

Salihu
Goggo, wasu na cewa a mayar da ita cinya ko ƙirji a huta.

Likita Mariyama
Libre a bayan dantse aka gwada ta aka amince da ita. Dexcom G6 a fatar ciki ake manna wa manya. Wanda ya kai ta wani wuri, lambar da ya gani ba ta da gwajin kamfani a bayanta, kuma cinya ma ana kwanciya a kanta.

Akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma ya fi ba ni tsoro: sensa ta nuna sama alhali sukari na ƙasa, ƙararrawa ta yi shiru. Bitamin C sama da miligiram 500 a rana yana ɗaga lambar Libre 2, kuma ƙwayar nan da ake narkawa a ruwa lokacin mura akasari 1000 ce. Hydroxyurea da ake ba masu sikila yana ɗaga lambar Dexcom. Paracetamol yana yi wa tsofaffin samfurin Dexcom haka, G6 kuwa tana jure giram 1 kowane awa 6. Sai kinin: shi ba ruɗa sensa yake ba, sukarin yake saukarwa da gaske don yana sa jiki fitar da insulin, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi ma yana saukar da shi. Mai ciwon sukari da ke kan kinin da damina, in sensa ta ce 60 da dare, a ɗauka gaskiya ce har sai yatsa ya ƙaryata.

Malam Hamadu
Na ji, mai allura da mai Daonil na bar muku su. Amma mai shan ƙwayar metformin kaɗai, wanda da wuya sukarinsa ya faɗi, ban ga dalilin da zai sa a riƙa tayar da shi ƙarfe 3 ba. Kan wannan ina nan a kan bakata.

Hajiya Asta
Wannan kam da sauƙi, Malam. Ƙararrawar ƙasa ta Libre 2 ana iya saita ta daga 60 zuwa 100, mai metformin kaɗai ya sauke ta 60 ko ya kashe, bayan ya gaya wa likitansa. Mai Mixtard da ba ya jin alamu kuwa sama ya kamata ya ɗaga ta, 80, don ya samu lokaci. Mai Dexcom G6 ba shi da zaɓi a kan ƙararrawar 55, ba ta kashewa.

Likita Mariyama
Kuma kafin a taɓa yawan allura, a kawo shaida. Dare uku ko huɗu, duk lokacin da ta yi kuka a rubuta lokaci, lambar sensa, lambar yatsa, gefen da aka kwanta, da lokacin allura da abincin dare. Mizanin da masana suka amince da shi a 2019 shi ne lokacin da ake ƙasa da 70 kada ya kai kashi 4 cikin ɗari, kusan awa ɗaya a rana, ƙasa da 54 kuma kada ya kai kashi 1. Amma waya ba ta ware na dannewa daga lissafin, sai takardar nan ta ware su. In yatsa ya tabbatar da faɗuwar dare biyu cikin mako, allurar yamma na bukatar gyara, ko a rage ta, ko likita ya mayar da Insulatard zuwa lokacin kwanciya, ko a koma glargine, wani insulin mai dogon aiki, ga mai hali.

Kawu Buba
Ga mai tsohuwar Libre ta farko kuma, ita ba ta da ƙararrawa sam, kuma awa 8 kawai take riƙewa. A goga mata waya ko na'urarta dab da kwanciya da kuma da zarar an tashi sallar asuba, in ba haka ba farkon daren zai ɓace daga zanen da za a kai wa likita.