Basira gado ce ko renon gida?

Baban Yusif (Aboabo): Salamu alaikum. Na ce basira gado ce, an yi mini ca, amma ina nan kan bakana. Ku duba gidajen malamai a zangon Kumasi: kaka malami, uba malami, jika ma haka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Anti Rabi (Asawase): Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron da ya buɗi ido ya tarar da allo da littattafai a ɗaki, ta ina za ka rarrabe abin da jini ya ba shi da abin da gida ya ba shi?

Sadik (ɗalibi, jami'ar KNUST ta Kumasi): Anti, wannan tambayar ce ta sa masana suka koma kan tagwaye. Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota a Amurka ya fara bincike a 1979 kan tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna ƙanana, kowa ya tashi a wani gida. A 1990 suka bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin maki a gwajin basira yana da nasaba da gado.

Baban Yusif: To kun ji!

Sadik: Baba, a yi haƙuri, ban ƙarasa ba. Lissafin yana bayanin bambanci ne tsakanin jama'a, ba ya yanke wa ɗa guda hukunci. Kuma yawancin tagwayen ba a gidan yunwa suka tashi ba.

Anti Rabi: Nan ne zancen. A Bukarest ta Romaniya an ɗauki yaran gidajen marayu, aka yi ƙuri'a, wasu aka kai su hannun iyayen riƙo, wasu suka zauna. Waɗanda aka kai gida sun fi maki, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2. Da yake ƙuri'a ce ta raba su, ba a ce jini ne ya fifita su ba. Ko ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri, shi ya sa muke nacin gishiri mai aidin a wajen awo.

Maman Hauwa (Sawaba): Ni abin da ke ƙona mini rai, a ce wa yarinya ta gaji rashin ganewar gidansu, a cire ta daga makaranta a ɗora mata talla zuwa kasuwar Kejetia.

Baban Yusif: Allah ya kiyaye, Hajiya, ban ce a cire kowa ba. Amma kashi 70 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu wanda ya rushe shi cikinku.

Sadik: Ba mu rushe shi ba, Baba. Cewa muke idan ciki babu abinci, ko yaro mai basira ba zai kai inda gadonsa zai iya kai shi ba.