Don Allah alƙaluman cinikin gem ɗin nan abin dogaro ne?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son sayen sabuwar na'urar gem, to ni tsorona kar in sayi wadda kamfanoni za su daina yi wa gem nan da shekara biyu. Shi ne nake shiga shafin VGChartz ina duba wane gem ya fi ciniki a kan wace na'ura, wai in gane wadda kasuwarta ke tafiya, sai abokina yace ɓata lokaci nake wai duk kintace ne. Masu sani a fahimtar da ni don Allah.

Tsohon Ɗan Gem: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba, VGChartz hasashe suke yi, in kamfani ya fitar da nasa lissafin sai su koma su gyara. Amma ko da lambar gem ɗin daidai ce ba ita ke nuna lafiyar na'ura ba. Duba Wii U, na'urar kamfanin Nintendo, gem ɗin Mario Kart 8 ya sayar da kwafi sama da miliyan 8 a kanta, in ka ga haka sai ka ce ai kasuwa ta buɗe, alhali na'urar gaba ɗaya miliyan 13.56 ta yi Nintendo ta haƙura da ita. 'Yan kaɗan ɗin da suka saya ne suka yi rubdugu a kan gem ɗaya don babu wasu da yawa.

Mai Kallo: Gem ɗin Wii Sports ma fa, kwafi sama da miliyan 82, amma a ƙasashe da yawa cikin kwalin na'urar Wii yake zuwa, ba wai mutum ya je ya nema bane.

Sarkin Musu: Ni abin da ke ban haushi masu ɗauko jerin cinikin gem na mujallar Famitsu su zo suna ihu. Wannan fa Japan ce kaɗai, kuma na kanti suke ƙirgawa a jerin mako, wanda ya sauke ta intanet ba ya ciki. Circana, kamfanin da ke ƙirga ciniki, ita kuma Amurka take bi. Xbox ce ma ta fi wahalar aunawa, Microsoft ta daina faɗin adadin na'urorinta tun 2015, ga tsarin biyan kuɗin wata na Game Pass da mutum zai buga gem wata da watanni bai saya ba, ina za ka ga wannan a ciniki?

Mai tambaya: To yanzu me zan duba kenan yallaɓai?

Tsohon Ɗan Gem: Rahoton da Sony da Nintendo ke ba masu hannun jari duk wata uku, shi ya fi. Sai dai ka lura yawanci abin da suka tura wa dillalai suke faɗa, wani yana nan a sito bai shiga hannun kowa ba. Sannan ka leƙa jerin gem ɗin da aka sanar za su fito badi, in ka ga manyan kamfanonin gem, ba masu na'urar kaɗai ba, suna sa na'urar a ciki to ka saya hankalinka kwance.

Sarkin Musu: Kuma ka tambayi abokanka wacce suke da ita, kar ka saya ka rasa wanda za ku buga ƙwallo onlayin.