Kwana 47 da tafiya da Yaya, har yau ba a kai shi kotu ba

Ƙanwar Malam ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san doka ya fahimtar da ni. Yau kwana 47 da wasu mutum huɗu cikin farin kaya suka zo da asuba suka tafi da Yaya. Malamin makaranta ne, kuma yana rubuce-rubucen sukar masu mulki, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ba su nuna takardar kamu ba. Cewa suka yi 'yan tambayoyi ne, kafin azahar ya dawo. Ko tabarau ɗinsa bai ɗauka ba, yana nan kan tebur, matarsa ta hana kowa taɓawa.

Na yi yawo da maganin hawan jininsa ofis uku. Ko'ina sai na kan kanta ya buɗe littafi, ya bi layi da yatsa, ya ɗago ya ce babu sunansa. A na ukun ne wani ya biyo ni waje ya karɓi maganin bai ce uffan ba. Da haka muka gane yana can.

Abin da ya fi ci mini rai, har cikin dangi akwai masu cewa ruwa ba ya tsami banza. To in ya yi laifin, me ya hana a faɗa a gaban alƙali? Wai akwai dokar da ta yarda a ajiye mutum haka, ba tuhuma ba kotu?

Lauya Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya fito da shi lafiya. Kowace ƙasa da nata dokokin, amma akwai ma'aunin da fiye da ƙasashe 170 suka amince da shi, wato Yarjejeniyar 'Yancin Jama'a da na Siyasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966. Sashe na 9 ya ce a faɗa wa mutum dalili tun lokacin kamun, a gaggauta kai shi gaban alƙali, kuma yana da damar neman kotu ta duba halaccin tsare shi. A 2014 kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya fassara gaggawar da cewa awa 48 ta isa a bisa al'ada. Ke kina maganar kwana 47.

Ku samu lauya ya shigar da buƙatar da muke kira habeas corpus. Ma'anarta kotu ta umarci masu riƙe da shi su kawo shi da jikinsa, su faɗi hujjarsu. Kafin nan ki zauna ki rubuta rana, lokaci, irin motar, da wanda ya gani. Daina zuwa da baki kawai. Ki riƙa kai wasiƙa, a buga miki hatimi a kan kwafinki. Wannan hatimin yakan yi aiki a kotu fiye da hawaye. Shi kuma bawan Allahn da ya karɓi magani, kada sunansa ko kamanninsa su shiga takarda, kada ki jefa shi cikin masifa.

Akwai kuma rukunin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, tun 1991, dangi ma na iya rubuta musu kai tsaye. Ba su da makullin kurkuku, sai dai gwamnatoci ba sa son ganin sunansu a rahotonsu.

Mai Kishin Zaman Lafiya:

Ina tausaya miki, amma a yi adalci. Wani lokaci hukuma na da bayanan sirri da in aka bayyana a kotu sai aiki ya lalace. Tsaron miliyoyi ai ya fi 'yancin mutum ɗaya.

Tsohon Malamin Tarihi:

Ɗan'uwa, wannan hujjar taka ta tsufa, kuma an sha gwada ta. Ran 9 ga Agusta 1971, ana tsakiyar rikici tsakanin masu son rabuwa da Birtaniya da masu son zama a cikinta, gwamnatin Ireland ta Arewa ta fara tsare mutane ba shari'a, sojojin Birtaniya suka kwashe 342 a samamen farko. Da yawansu ba su da hannu a komai. Wuta ta mutu? Ƙara ruruwa ta yi, shekarar 1972 ce ta fi kowace zubar da jini a duk rikicin.

Afirka ta Kudu ta yi dokar tsarewa ta kwana 90 a 1963. In wa'adin ya cika sai a saki mutum, yana taka bakin ƙofa a sake kama shi. Bayan shekara biyu aka mai da ita 180. A irin wannan tsarewar Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, ya mutu a 1977. Singapore kuwa ta riƙe ɗan siyasar adawa Chia Thye Poh shekara 23 ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Batun sirri kuma, kotu na iya zama a rufe ta ga hujja. Wanda ya ƙi nuna wa alƙali ma, ni dai zargina shi ne babu abin nunawar. Kuma ka lura, ba Malam kaɗai aka tsare ba: duk malamin da suke aiki tare yanzu sai ya waiga kafin ya yi magana.

Ƙanwar Malam:

Na gode, Baba Lauya, Allah ya saka da alheri. Jiya na kai wasiƙar. Sai da na yi awa uku a kan benci kafin aka buga hatimin, shi ma a karkace, amma dai ana karanta kwanan watan. Lauyan da muka samu ya ce gobe zai shigar da takardun.

Tambaya ɗaya ta rage, matarsa ce ta ce in yi: in har suka kawo shi kotun, za a bari mu miƙa masa tabarau ɗin? Ba ya iya karanta komai in babu shi, kada a ba shi takarda ya sa hannu.